Rabon Iska

Litinin, da hantsi

Kwalin da na rufe makon jiya ya ragu. Na ɗora shi a sikeli don kar ido ya ruɗe ni, sikeli ma ya ce haka ne.

Wannan ba abin tashin hankali ba ne a sana'armu. Kafur ba ya zama. Ka ajiye shi, ba zai narke ya jiƙa wurin ba, ba zai bar toka ba, sai dai kullum ka tarar ya ƙanƙance, har ranar da za ka iske leda kawai. Tun muna kamfani muke kiran wannan rabon iska, kuma duk mai auna kaya yakan ɗan ƙara a kai saboda ita. Ni ma da na bar aiki na kafa ɗan injina na hannu a ɗakin baya, ban taɓa hana ta haƙƙinta ba. Ina matsa ƙananan ƙwayoyi na akwatin tufafi da manyan dunƙule na banɗaki, matata Tsohuwa tana naɗewa a leda, iska tana karɓar nata. Haka muke, mu uku. Sai dai iskar bana ta cika haɗama.

Tsohuwa ta ce in bar zargin iska in duba sikelin, wai ya tsufa kamar mai shi. Tana faɗa tana dafe da bango. Na tambaye ta ko gwiwar ce ta motsa, ta ce a'a, ƙasa ce ta yi mata laushi yau.

Laraba, bayan azahar

Auta ta kira daga inda take aure. Ta yi magana da uwarta, sannan ta ce a ba ni. Wai me ya sa Mama take jan magana kamar mai barci. Na ce ai uwarki ta gaji da yi mini faɗa da sauri ne, yanzu a hankali take yi don ya fi shiga. Ta yi dariya, amma ba ta kai ƙarshen dariyar ba.

Da rana muna naɗi sai na ga ledar tana kuɓuce mata. Don in ɗauke mata hankali na sake ba ta labarin zoben, wanda ta ji har ta gaji tun muna da ƙuruciya. Injiniyan da ya koya mana aiki shi ya zana mana a bayan kwali. Zobe ne mai kusurwa shida, sunansa benzin, a kowace kusurwa akwai kujera. A kamfani mukan hura masa iskar kulorin a cikin tukunyar ƙarfe, kulorin ya shigo ya nemi wurin zama. In ɗaya ne ya zauna, ruwa ake samu, masu rini da masu maganin ƙwari su saya. In biyu ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ruwa ne har yanzu, mai wanke maiƙo daga jikin ƙarfe. Amma in biyun suka zauna nesa da juna, wannan can wannan can kamar surukai, sai abin ya daskare ya zama fari fat kamar gishiri. Shi ne namu. In kuwa kujeru shidan duk suka cika, wannan an hana yin sa tun tuni. Sunan namu na gaskiya ya kai tsawon igiyar rijiya, babu ɗan kasuwar da zai iya furta shi, shi ya sa kowa ya ce kafur aka huta.

A da, in na zo kan surukai takan ce, to wane ne ya fara gaisuwa? Yau buhun kafur kawai take kallo.

Juma'a, da safe

Ya sake raguwa.

Asabar, bayan la'asar

Inna mai wanka ta shigo. Ita ce ke wanke matan unguwa idan sun cika, kuma an yi rasuwa a layin baya. Ta ce in taimaka mata da kafur, nata ya ƙare. Na ce Inna, nawa ba na wannan aikin ba ne. Na gaskiya daga itace yake fitowa, ki je wurin mai turare. Nawa ɗan tukunyar ƙarfe ne, aron suna ya yi. Ta ce oho, ita dai duk fari take gani.

Ta leƙa ta gaida Tsohuwa, ta ɗan jima a tsugune kusa da ita. Da na rako ta bakin ƙofa sai ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta kalle ni ba.

"Malam, wa ya riga ni?"

Na ce riga ki ina?

"Matarka. Warin wadda na gama da ita take yi."

Na yi dariya na ce Inna, gidan nan har kyanwarmu warin kafur take yi. Ta ce warin gida ta san shi, a bango yake da labule. Wannan daga baki yake fitowa. Ta sa takalmi ta tafi.

Ni ba zan iya ƙaryata ta ba, ba zan iya gaskata ta ba. Hancina ya daɗe da mutuwa a kan abin nan. Duk wanda ya yi aikinmu haka yake. Ka cika mini aljihu da shi, sai in ce maka babu komai.

Lahadi, da hantsi

Fatar ƙafarta ta yi baƙi-baƙi tana ɓamɓarewa kamar ɓawon kifi. Na shafa mata mai. Ta ce hannuna da daɗi.

Talata, da safe

Jiya na manne kwali da salatif ta ko'ina, na sa hannu a kan mannin kamar wani babban akawu. Yau salatif yana nan, amma an ɗaga gindin kwalin an mayar.

A ƙasa, bayan injin, na tsinci wata ƙwaya. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu. Iska tana da ladabi wurin ci. Zagaye take bi, ta kowane gefe daidai, ƙwaya ta ƙanƙance amma tana nan a dunƙule har ta ɓace. Wannan gefe ɗaya aka ci. Akwai layi biyu a jiki, irin sawun haƙora.

Ɓera ne.

Na san abin da nake gaya wa masu saye game da ɓera da kafur. Duk da haka na ɗana tarko.

Laraba, da yamma

Tarko yana nan yadda na bar shi.

Alhamis, bayan azahar

Ta faɗi a tsakar gida da safe, tana ɗauke da buta. Ba ta ji ciwo ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ba ta kai hannu don ta tare ba, ta tafi gaba ɗaya kamar an jingina tsintsiya ta zame. Da na ɗaga ta sai na ji ba ta da nauyi. Matar da a da sai na yi nishi in zan taimaka mata hawa mota.

Wajen kwantar da ita na ji abu mai tauri a haɓar zaninta, a ƙulle. Na kwance. Ƙwayoyina ne, ɗaya saura rabi. Na mayar na ƙulle yadda na same shi, na fita na zauna a ɗakin baya. Ban matsa ko ɗaya ba yau.

Juma'a, da hantsi

Na kai mata shayi na zauna a bakin gado. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen tsadar leda, na yi zancen maƙwabcin da ya sayi akuya mai kukan mutum. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in ina da tambaya in yi, shayi yana hucewa.

Ta ce tun bara ne. Ƙirjinta ya riƙe wata rana, sai ta tuna kakarta takan ɗan gutsuro kafur kamar ƙwayar gero ta sa mata a harshe in numfashi ya yi wuya. Ta gwada, ta ji sanyi ya ratsa ta har ka. Washegari ƙirji ya sake, amma bakin ya nema. Daga nan kuma abinci ya daina ɗanɗano.

Na ce ba shi ba ne. Na kakarki na itace ne, shi ma ba abin ci ba ne, balle wannan. Wannan asu yake kashewa a cikin akwati.

"Kafur ai kafur ne," in ji ta.

Na ce wallahi ba ɗaya ba ne, sunan ne kawai.

"To me ka sa na yi ta mannawa a jikin leda duk shekarun nan?"

Takardar tana nan a kan kowace leda, ni na kai aka buga. Kafur Mai Kyau.

Sai ta kamo bakin rigata. Ta ce tsohuwa da jikoki, a ji tana cin abin banɗaki, da wane ido za ta kalli surukanta. Kar in gaya wa yara. Kar in gaya wa kowa. Ta sa na ce na yi alkawari, sannan ta sa na maimaita.

Na sayo kwaɗo na kulle ɗakin baya. Mabuɗin yana wuyana.

Lahadi, da rana

Na ɗauka in an hana za a samu sauƙi. Hannunta rawa yake yi yanzu, cokali ba ya kai wa baki. Ta kira ni da sunan wanta, wanda ya rasu tun kafin a haifi Auta.

Dunƙulen da ke rataye a banɗaki babu shi. Igiyar ce kawai.

Litinin, bayan la'asar

Na je kai saƙo shago na dawo, ban same ta a gado ba. Akwatin tufafinta a buɗe, an zazzage komai, zannuwan aurenta a ƙasa. Na duba madafi, na duba banɗaki.

Tana ƙofar ɗakin baya. A kwance take a ƙasa, ta kara fuska a ramin da ke ƙarƙashin ƙofar, idonta a rufe, tana ja a hankali. Rana tana kanta, ko motsi ba ta yi. Fuskarta kuwa a sake, irin yadda ban gan ta ba tun da aka fara wannan abu. Ban san da rarrafe ta zo ko da bin bango ba.

Na tsaya ina kallo fiye da yadda ya kamata.

Da muna yara an sha ba mu labarin wanda wani abu ke kira daga cikin rijiya, yana tafiya yana murmushi, 'yan'uwa suna riƙe masa ƙafa. Mai ba da labarin bai taɓa cewa ɗan'uwan ne ya haƙa rijiyar ba.

Na toshe ramin da tsumma.

Talata, da safe

An cire tsumman.

Laraba, da yamma

Auta ta zo ba sanarwa. Ta ajiye jaka, ta kalli uwarta, ta kalle ni. Ta ce Baba, wannan ne faɗan a hankali? Ba ta jira amsa ba ta fita neman mota.

A asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa Tsohuwa ta taɓa hancinta da yatsa, yatsa ya tafi kunne. Ta tambaya ko tana shan wani magani, ko na gargajiya, ko akwai wani abu da take ci wanda ba a saba ba. Tsohuwa ba ta iya haɗa magana sosai, amma ido yana nan. A kaina ta ajiye shi.

Na ce babu.

Likita ta ɗan ja hanci ta ce wannan warin fa? Auta ta amsa tun kafin in buɗe baki. Ta ce sana'ar gidanmu ce, dukkanmu haka muke, a makaranta ma 'yan akwati ake ce mana. Likita ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Aka ba mu gado.

Ban nemi yarinyar nan ta rufa mini ba. Ta rufa, ba ta ma san ta yi ba.

Juma'a, da hantsi

Sun ɗebi jini, sun ce ya yi ƙasa. Sun sa kanta a na'ura. Suna zancen shanyewar jiki, suna zancen tsufa. Kowa yana neman abin a inda ba ya nan, ni kuma ina zaune da mabuɗi a wuya ina gyaɗa kai.

Asabar, da rana

Ba ta gane Auta ba. Ta ce wa nas ta gaya wa baƙuwar nan ta rufe akwati.

Lahadi, bayan azahar

Ruwa ma yana dawowa ta gefen baki. Sun ce gobe za su sa mata roba ta hanci.

Na yi alkawari, har sau biyu. Amma wadda na yi wa alkawarin tana raguwa kullum a kan gadon nan, babu jini, babu rauni, babu jiƙa. Zanin gado ne kawai yake ƙara faɗi.

Litinin, da hantsi

Na tare likita a baranda. Na ciro ƙwayar nan mai layi biyu daga aljihu, na naɗe ta cikin leda tun ranar, na miƙa mata. Na faɗa mata sunansa mai tsawo, ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ta juya ta, ta kalli layukan, ta tambaya tun yaushe. Na ce tun bara. Ta tambaya ni kuma tun yaushe na sani. Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce abin nan ba ya bin fitsari ya fita da wuri kamar sauran. Kitse yake so. Yakan shiga kitsen jiki ya kwanta, har da wanda ya lulluɓe jijiyoyin kai. In mutum ya rame, kitsen yana narkewa yana sako shi cikin jini, shi ya sa ta ƙara lalacewa bayan na kulle ɗaki. Ba shi da makari. Dole ta ci abinci ta daina ramewa, dole kuma ko warinsa kar ya sake kusantarta, don in ta ji shi ba za ta kalli abinci ba. Na tambaya za ta dawo? Ta ce wasu suna dawowa.

Da na juya, Auta tana tsaye a bayana da kwanon abinci.

Talata, da yamma

Auta ba ta ce mini komai ba sai ina kwana. Ta je gida da mijinta, suka kwashe buhuna da kwalaye, suka kwance injin. Ta karɓi mabuɗin daga wuyana da hannunta. Tufafina ma ta sayo mini sababbi, ta ce waɗancan ba za su sake shiga asibiti ba.

Tsohuwa ta buɗe ido da rana ta kalle ni. Ban sani ba ko ta san na faɗa.

Alhamis, da safe

Roba a hanci. Tana barci.

Asabar, bayan la'asar

An samu ɗan motsi. Ta gane Auta, ta tambayi jikokinta, ko da yake ta haɗa sunayen. An cire robar don a gwada cokali. Takan karɓi ɗaya ko biyu ta juya kai.

Ni kuwa da na zauna sai ta lalubo hannuna. Ta ɗora shi a kumatunta ta riƙe da hannu biyu, ta lumshe ido. Nas ta ce kai, Baba, wane sirri ne haka, a koya mana. Matar gadon kusa ta ce nata mijin ko lemo bai kawo ba. Har Auta ta saki fuska, ta ce tsofaffin masoya, ku dai ku ji kunyar mutane. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun muna yara ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba.

Muddin hannun yana wurin, ba ta karɓar cokali.

Lahadi, da hantsi

Yau ma ta kama hannun. Ta juya shi, ta kai tafin kan hancinta, ta ja numfashi mai tsawo, irin na ƙofar ɗakin baya. Sai na ji harshenta a gindin farcena. Sannan haƙori, a hankali.

Na zare. Ta biyo shi da ido.

"Malam," in ji ta, "ɗan kaɗan."

Auta tana wanke kwano, ba ta gani ba. Na fita famfo na wanke da sabulu, na goge da soso har fata ta yi ja, na yanke farce har nama. Na miƙa wa nas na ce ta shinshina mini, ta faɗa mini gaskiya. Ta shinshina ta ɗan ja baya. Ta ce Baba, ai ba a sama yake ba.

Na je na gaya wa likita wannan ma. Na biyu ya fi na farko sauƙin faɗa. Ta ce nawa ma zai fita in na daina aikin, amma ba yau ba, ba gobe ba.

Litinin, da rana

Akwai benci a baranda, daura da ƙofar ɗakinsu, nan na koma zama. Daga nan ina jin ƙarar cokali a kwano, ba na ganin gadon. Na gaya wa Auta zancen hannun da kaina, don kar ta sake ji a bayana. Ta daɗe tana kallon hannuwana, sannan ta kawo mini matashi ta sa a bencin.

Laraba, bayan azahar

Jiya ta ci rabin kwano. Yau da safe ta ci fiye da haka, ta ce gishiri ya yi yawa, Auta ta fito tana dariya tana share ido don ta gaya mini.

Ɗazu ta fara kira. Muryar ta fita tas, babu ja, babu rawa, muryar da take kirana da ita daga madafi shekara da shekaru. Malam. Malam.

Auta ta leƙo ta ce Baba, kai take kira. Ta ce wai ganinka kawai take so.

Na ce ta gama cin abincin?

Ta ce da saura.

Na ce to koma ki ba ta.

Ta koma. Cokali ya taɓa kwano, ya yi shiru, ya sake taɓawa. Tana ta kira a tsakani. Ni dai na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.